Dajin Falgore Da Bashin Da Ke Wuyan Mutanen Birni

Duk wanda ya tsaya ran Salla da la'asar a mararrabar Dangi, inda Titin Gidan Zu ya rabu da hanyar Zariya, zai ga yara ayari ayari, daga Gyadi-Gyadi, da Hausawa, da Tarauni, da Darmanawa, da Unguwa Uku, ko wanne da sababbin tufafi da kuɗin barka da Salla dunƙule a hannu, sun nufi gidan namun daji na Audu Bako. Can za su ga zaki kwance bayan ƙarfe, da kura, da jimina, da kada, su komo gida da labari. Ga mafi yawansu, har da iyayensu, iyakar abin da suka sani na daji ke nan. Alhali kuwa ita wannan hanya ta Zariya da su ke ƙetarewa, in mutum ya bi ta kudu har Kwanar Ɗangora, ya karya hagu ya wuce Tudun Wada, za ta kai shi tsakiyar Dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga birni. Kaɗan ne cikin mutanen waɗannan unguwanni suka taɓa sa ƙafa a cikinsa, amma da wuya a sami gida ɗaya da ba ya cin moriyarsa. Saboda haka maganar makomar wannan daji maganarsu ce, akwai kuma bashi a wuyansu wanda ya kamata su san da shi.

Faɗin Falgore ya kai wajen hekta 92,000. Ya shimfiɗu cikin ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya gangara har iyakar Kano da Kaduna da Bauchi. A cikin shekarun 1940, zamanin Turawa, aka keɓe shi da sunan Gandun Dajin Kogin Kano. A ƙarshen shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji, zamanin Audu Bako, wanda ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ne dai ya kafa Gidan Zu a 1971, a mulkinsa aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, shi ne kuma ya gina masaukin baƙi a bakin tafkin Bagauda. Mai lura zai ga ayyukan nan a jere su ke, ɗaya na riƙe da ɗaya. Kogin Kano ta cikin Falgore ya ke ratsowa kafin ya zuba a Tiga, dajin kuwa shi ne garkuwar madatsar.

Ga yadda abin ya ke. Ruwan sama in ya sauka a kan ƙasa mai itatuwa da ciyawa, ganye ya kan karya ƙarfinsa, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nitse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka har bayan damina. In kuwa ya sauka a kan fako, sai ya kwashi yashi da laka ya tafi da su a guje, ya zaftare gaɓar kogi, ya je ya jibge kayansa a gindin madatsa. Ko wace shekara cikin madatsar na ƙara cikewa, ruwan da ta ke iya riƙewa yana raguwa. Ruwan Tiga kuwa shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da tumatir da albasa da alkama ke fitowa. Shi ne kuma ke gangarowa Tamburawa, inda a ke tace shi a tura wa birnin Kano. Watau kwandon tumatirin da a ke kasawa a kasuwar Tarauni, da ruwan da famfo ya kan kawo ranar da ya kawo, duk suna da saiwa a Falgore.

Wannan ita ce moriya ta fari. Ta biyu kuwa ta fi muni, domin ita ke cin ta farin. Masu gidajen burodi, da masu tsire, da masu shayi, da matan gida, yawancinsu da itace da gawayi su ke hura wuta, kuma duk sa'ad da kananzir da gas suka yi tsada sai masu komawa ga murhu su ƙaru. Manyan motocin da ke shigowa ta hanyar Zariya shaƙe da itace da buhunan gawayi daga dazuzzukan kudu su ke ɗaukowa, Falgore kuwa yana cikin waɗanda gatari ya taɓa. Marke a ke nema domin wutarsa, ƙirya domin gawayinta, dukansu kuwa itatuwa ne masu daɗewa kafin su girma. Ɗan ƙauyen da ya sare su abin da ya ke samu bai taka kara ya karya ba, ribar tana wajen mai mota da dillali, daɗin wutar kuma yana birni. Amma in an tashi zargi, shi ɗan ƙauyen a ke nunawa da yatsa.

A cikin shekara huɗu kacal an yi wa wannan daji maganganu uku manya. A 2017, bayan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mai da shi maɓoya har matafiya na tsoron hanyar Jos, Rundunar Sojan Ƙasa, zamanin Janar Tukur Buratai, ta ɗauke shi filin horar da soja. A 2018 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya gayyaci makiyayan da ke shan wahala a wasu jihohi su taho Kano, ya ambaci Falgore cikin wuraren da za su iya ɗaukarsu. A watan Nuwamba na 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mai da dazuzzuka goma Gandun Daji na Ƙasa, Falgore na cikinsu, tare da Kogo ta Katsina da fadamun Haɗeja. Ko wace magana cikin ukun nan tana da hujjarta. Tsaro wajibi ne, makiyayi yana bukatar wurin kiwo, namun daji kuma suna bukatar mafaka. Sai dai daji ɗaya ne, gwanki kuwa ba ya zama inda a ke harbin bindiga, ciyawar da garke dubu ya kwashe ba ta isar ɓauna. Wanda gonarsa ke jingine da dajin, shi a rediyo ya kan ji an yanke shawara a kan ƙofar gidansa.

Ya kamata jama'a su san abin da a ke nufi da Gandun Daji na Ƙasa. Dokar da aka kafa a 1999 ta hana farauta a cikinsa, ta hana shiga da dabbobin gida, ta hana sara, ta hana sa wuta. Ga mutumin birni waɗannan hane-hane ba su da nauyi. Amma a bakin daji akwai matar da ke tsintar kaɗanya ta yi man kaɗe, ta ɗebi ɗorawa ta yi daddawa, da kuɗin nan ta ke yi wa 'yarta kayan ɗaki. Akwai mai ɗaura amya domin zuma, da mai yankan ciyawar jinka, da mai saƙar maganin gargajiya, da Bafillacen da in rani ya tsananta ba shi da mashaya sai Kogin Kano. In aka rufe musu ƙofa ba tare da an buɗe wata ba, ba su daina shiga, sai dai su koma shiga da dare, dogarin daji ya zama abokin gaba, ɓarawo kuma ya sami masu rufa masa asiri. Ita dokar kanta ta yi tanadin a riƙa shawara da mutanen yankin. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan tanadi da muhimmancin da a ke ɗaukar hane-hanen.

Suna kaɗai ba ya tsare daji. Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari ta zama Gandun Daji na Ƙasa tun 1999, wannan bai hana ɓarayin shanu su kafa sansani a cikinta ba. Sambisa ma gandun namun daji ce kafin duniya ta san ta da abin da ta san ta da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Dajin da ba mai ratsa shi da rana, ba mai kishinsa, shi miyagu ke gada.

Mutanen da can sun san wannan. A ƙasar Hausa ko wane gari yana da huruminsa wanda ba a nomawa, da burtalin da shanu ke bi, da mashaya, da Sarkin Dawa da Sarkin Baka waɗanda suka san lokacin da a ke shiga farauta da lokacin da a ke bari. Ko dokar gandun daji ta 1937, kafin a keɓe wuri sai an bincika haƙƙin mazauna, a rubuta abin da aka bar musu, kamar tsintar 'ya'yan itace da bin hanyoyinsu na da. A 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Inda aka yi kuskure shi ne sa'ad da malamin daji ya zama abin tsoro, ba a ganinsa sai da takardar tara, har talaka ya ɗauka itace na Gwamnati ne, hasararsa ba tasa ba ce.

Maƙwabta na ƙasar Maraɗi sun ɗanɗana wannan, sun kuma ga maganinsa. Muddin doka na cewa itacen da ke gonar mutum na hukuma ne, manomi ya kan tumɓuke shi tun yana tsiro don kada ya jawo masa tara. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan fari mai tsanani, manoma suka soma abin da su ke kira sassaben zamani, watau barin tohon kututture a gona a riƙa gyara shi har ya zama itace. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Ba dogari ko ɗaya da ya tsare su, masu su suka tsare abinsu.

Haka labarin raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura 49 kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma. Ba a kori kowa daga ƙasarsa ba, dabbobin suna yawo cikin gonakin mutane, har su kan ci musu wake. Amma aka ɗauki 'ya'yan ƙauyukan su zama masu yi wa baƙi ja-gora, aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rancen jari. Kafin 2018 sun haura 600, har a shekarar aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji na jihar Maraɗi. A Yankari ta Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama ta Tarayya a 1991, ta koma hannun Jiha a 2006, giwaye sun daɗe suna ɓarna a gonakin da ke kewaye, manoma na jin haushinsu. Cikin dabarun da suka rage wannan gaba har da ɗaukar mutanen ƙauyukan su zama masu lura da giwaye, su ba da labari da wuri in garke ya nufi gona. Can ƙasar Ruwanda kuwa abin a rubuce ya ke: tun 2005 a ke ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gandun daji suka samu daga baƙi domin ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 aka mai da shi kashi 10.

Amma fa kada a ɗora wa yawon buɗe ido kayan da ba zai iya ɗauka ba. Baƙon nesa tsuntsu ne, motsi kaɗan ke tashinsa. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ɗaya daga cikinsu shugaban masu ja-gora ne, daga ranar nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Masaukin Bagauda da aka gina domin masu yawon shaƙatawa daga baya makarantar horar da lauyoyi ya koma. In abincin mutanen bakin daji ya rataya ga kuɗin ƙofa kaɗai, ranar da ƙofa ta bushe gatari zai dawo. Baƙon da ya fi tabbata shi ne na gida, watau irin taron nan da ke cika Gidan Zu ran Salla, da 'yan makarantun Tarauni da malamansu, da ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyalinsa ran hutu. Su ma ba za su je ba sai hanya ta yi lafiya, akwai wurin kwana mai tsabta, akwai kuma dabbar da za a gani.

Saboda haka tilas a nemi wata taska wadda ba ta bushewa, ita ce ta ruwa. A Kenya, tun 2015 aka kafa asusu wanda masu amfani da ruwan birnin Nairobi ke zuba kuɗi a ciki, ana taimakon manoman da ke saman Kogin Tana su tsare ƙasarsu daga zaizaya, domin an lissafa an ga tsare laka a gona ya fi kwashe ta a madatsa araha. Kano ba ta rasa irin wannan hanya ba. In aka ware wani ɗan kaso sananne daga kuɗin ruwan famfo da na noman rani, da harajin motocin itace da gawayi, aka ce na ƙauyukan bakin Falgore ne muddin dajin na tsaye, to, an mai da maƙwabcin daji mai gadinsa, an kuma biya shi da kuɗin wanda ke cin moriyar gadin. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Wani zai ce sassauci shi ke kashe daji, in an ba da taƙi sai a ɗauki kamu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Garken da ya fi ƙarfin ciyawa yana kashe ta, sassaken rassa domin shanu yana kashe kawo da maɗaci, wutar da maharbi ya sa don ya kama gafiya ta kan cinye abin da shekara goma ba ta mayarwa, kuma akwai masu fakewa da kiwo su yi sata. Lalle doka sai da haƙori. Amma dogarai nawa za su isa su kewaye hekta 92,000 dare da rana? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Dagaci da arɗo da tsohon maharbi sun san ko wace hanya, sun san baƙuwar fuska, sun san motar da ta shiga da dare. Ba su faɗa sai in sun ga dajin nasu ne, hasararsa tasu ce.

Abin da ya wajaba a kan hukuma, ko dajin na hannun Tarayya ko na hannun Jiha, a bayyane ya ke. Na farko, a fitar da iyaka a ƙasa tare da hakimai da dagatai da arɗaɗa, a san cibiyar da ba mai taɓawa, musamman gaɓar kogi, a san gefen da a ke tsintar kaɗanya da ɗorawa da yankan ciyawa a lokacinsu, a bar burtali da mashaya sanannu, a san kuma inda soja ke atisaye. Na biyu, dogaran daji da masu ja-gora a ɗauke su daga Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, a biya su a kan kari, gama dogarin da ke jin yunwa shi ke sayar da daji. Na uku, rabon ƙauyuka a rubuta shi cikin doka, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a ko wace shekara, mata su sami wakilci a wurin rabon tun da su ne suka fi shiga dajin. Na huɗu, wanda namun daji suka ɓata wa gona a biya shi diyya kafin damina ta zagayo. Na biyar, hukunci ya fara daga mai motar gawayi da mai ba shi takarda, kafin ya sauko kan mai ɗauke da dami ɗaya a ka.

Mutanen birni su ma da nasu aikin. A 2020, da Gwamnatin Kano ta sanar da niyyar ɗauke Gidan Zu ta mai da shi Tiga, jama'a da yawa sun ɗaga murya, suna cewa itatuwan nan su ne inuwar da ta rage a wannan sashe na gari. Sun yi gaskiya, kuma kishin nan abin yabo ne. Sai dai wanda ya ji zafin a taɓa masa 'yar inuwar da ke bayan gidansa ba tare da shawararsa ba, shi ya fi cancanta ya gane zafin da mutumin Doguwa ke ji. Ya kamata masu unguwanni da malaman makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Gyadi-Gyadi da Tarauni su riƙa tambayar wakilansu a majalisa labarin Falgore kamar yadda su ke tambayar labarin famfo, gama maganar ɗaya ce. Ya kamata masu gidajen burodi su nemi tandar da ba ta cin itace da yawa, a kuma keɓe filayen dasa itacen wuta kusa da gari. Shi kuma Gidan Zu a mai da shi ƙofar dajin, yaron da ya zo kallon kura a nuna masa taswirar kogin da ya ke sha, a gaya masa sunayen garuruwan da ke tsare da shi.

Audu Bako ya bar wa Kano daji da madatsa da gidan kallo. Madatsar ba ta daɗewa in ba dajin, dajin kuwa ba ya tsayuwa in maƙwabtansa ba su da rabo a cikinsa. Rabon nan a birni ya ke, wurin masu shan ruwan da masu hura wutar, kuma gara a biya shi tun itatuwa na tsaye. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba talakawa ganewa. Wassalam.